Shuɗin Haske a Ƙaramin Ɗaki: Kwalliyar da Barci Ke Biyan Kuɗinta

Igiyar fitilar nan da ake manna wa bango ta zama ruwan dare. A da sai a shagon aski ake ganinta, ko gidan kallon ƙwallo, ko cikin Keke Napep ɗin da mai shi ke ji da shi. Yanzu ta shige har ɗakin kwana. Saurayin da ya kama ɗaki ɗaya a gidan haya kan saye ta tun kafin ya sayi labule. Ɗakin amarya kuwa, in dai an yi masa silin na POP, ba a cewa aiki ya kammala sai an zagaye lungun silin ɗin da ita. Ɗan rimot ɗin da ke zuwa a kwalinta yana da launuka fiye da goma, amma duk wanda ya ratsa layin unguwa bayan isha'i ya san launin da ya fi yawa a tagogi. Shuɗi ne, wato bulu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kayan suna da araha, daga kasuwar Sabon Gari ta Kano har shafukan Jumia da AliExpress, kuma ba a buƙatar mai gyaran wuta: a ɓare takardar bayanta, a manna, a jona. Sannan shuɗi yana kyau a hoto. Tun wajajen 2020 da TikTok ta cika da ɗakunan samari da 'yan matan Amurka masu walƙiyar shuɗi da ruwan hoda, abin ya zama kamar shaidar cewa mai ɗaki ɗan zamani ne. Ga kuma abin da ake faɗa a bakin shago, wai shuɗi yana sa ƙaramin ɗaki ya yi faɗi, yana sa a ji sanyi, yana kwantar da hankali.

Wanda ke da babban gida, falo daban ɗakin kwana daban, ya sa duk launin da ransa ke so a falonsa, ba ruwan kowa. Maganar ta mai ɗaki ɗaya ce, ko mai ciki da falo, inda bango huɗun nan su ne falo, su ne wurin cin abinci, su ne wurin da yara ke aikin makaranta, kuma a nan za a shimfiɗa katifa. A irin wannan ɗaki, cikin duk maɓallan rimot ɗin babu wanda ya kai shuɗi rashin dacewa da dare, gashi kuma da daren aka fi kunna shi.

Kafin a ɗora wa shuɗiyar LED laifi, ya kamata a ba ta haƙƙinta. Jar LED ta fito tun 1962, koriya ta biyo baya, amma shuɗiya mai ƙarfi ta gagari manyan kamfanoni kusan shekara talatin. Sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, duk a Japan, suka shawo kan sinadarin galiyom naitiraid, har Nichia ta fitar da ita a 1993. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2014, kuma ba don kwalliyar bango aka ba su ba. Farin ƙwan LED da ke kowane gida a yau, da tocilan ɗin waya, da fitilar sola ta mai shayi, duk a cikinsu shuɗiyar LED ce aka lulluɓe da wani sinadari rawaya mai juya wani kaso na shuɗin, haɗuwarsu ta ba da fari. Shi ne ɗan rawayan nan da ake gani a kan ƙwayar fitilar idan tana kashe. Wato amfanin shuɗin ya fito ne bayan an sirka shi. Mai danna maɓallin bulu ɗanyensa yake sha.

Abin da ido ke gani daban, abin da agogon jiki ke ji daban

Launin haske ya dogara ne ga tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita. Idon ɗan Adam ya fi jin haske a wajen nanomita 555, tsakanin kore da rawaya. Shuɗin igiyar fitila yana tsakanin 460 da 470, inda ido ba ya jin ko kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ji a 555. Shi ya sa ɗakin da aka kunna wa shuɗi yake zama dishi-dishi, mutum ya ɗauka ai ɗan haske ne marar ƙarfi, daidai da dare.

To amma a can bayan ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da babban aikinsu ba gani ba ne. An tabbatar da su a farkon shekarun 2000. Suna ɗauke da wani sinadari mai suna melanofsin, kuma su ke sanar da agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa ko rana ce ko dare ne. Hasken da ya fi tayar da su yana wajen nanomita 480, maƙwabcin shuɗin igiyar nan ƙofa da ƙofa. Idan suka ji shi da dare sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki cewa lokacin barci ya yi, agogon jikin kuma ya ja baya. Gobe ma barcin ba zai zo da wuri ba.

Farin ƙwai mai ƙarfi yana da kirki ta wannan fuskar: yakan dami ido, mutum ya tashi ya kashe shi. Shuɗi ba ya damun kowa, saboda haka ake barin sa tun magariba har barci ya kwashe mai ɗaki.

Akwai lamba a kan wannan. A 2022 wasu masana barci da haske daga ƙasashe daban-daban sun fitar da shawarar haɗin gwiwa a mujallar PLOS Biology. Sun yi amfani da ma'aunin luks da aka daidaita da yadda waɗancan ƙwayoyi ke jin haske, suka ce da rana a samu aƙalla 250, daga sa'a uku kafin barci kada ya wuce 10, a wurin barci kuwa kada ya wuce 1. Luks ɗaya na yau da kullum shi ne kamar hasken kyandir guda daga nisan mita ɗaya. Idan aka yi lissafi da wancan ma'auni, luks ɗaya na shuɗi zalla yana komawa kusan 10, alhali luks ɗaya na ƙwan da aka rubuta wa 2700K a kwali, mai launin fitilar ƙwai ta da, bai cika rabin ɗaya ba. Ke nan idan fitilu biyun sun yi haske daidai a ido, shuɗin ya ninka ɗan'uwansa wajen sau ashirin a kunnen agogon jiki. Shuɗin da bai fi kyandir ɗaya ba ya riga ya cinye kason daren gaba ɗaya, ballantana igiyar da ta zagaye ɗaki.

A nan ne ƙanƙantar ɗakin ke shigowa. Haske yana raguwa da nisa, shi ya sa a babban falo wanda ke zaune a tsakiya kaɗan yake samu. A ɗakin nan da magina ke kira sha biyu sha biyu, wanda ya kwanta rigingine a katifa igiyar tana saman fuskarsa da mita biyu da 'yan kai, ta gabas da yamma da kudu da arewa, farin silin kuma yana dawo masa da abin da ya tsere. Babu lungun da za a fake. Kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da rimot, amma duk wanda ke kwana a ɗakin yana shan hasken tare da shi, har da wanda bai iya magana ba tukuna.

Yaran ne abin ji. Ƙwayar idonsu ta fi ta babba buɗewa, madubin cikin idon kuma garau yake, bai fara yin rawaya-rawayan da shekaru ke kawowa ba, don haka shuɗi ya fi isa can ciki. Masu bincike a Jami'ar Kolorado da ke Amurka sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 5, suka ga ko haske marar ƙarfi ne aka bar su a ciki na sa'a ɗaya kafin barci, melatonin ɗinsu yana faɗuwa ƙwarai. Uwar da ke fama da yaron da ya ƙi barci har sha ɗaya, tana ta lallashi tana ta tsawa, da wuya ta zargi fitilar da kowa ke yabawa.

Ga kuma tsarin rayuwar nan. Wanda zai tashi sallar asuba wajen ƙarfe biyar, ya shirya yara makaranta, ya fita kasuwa ko ofis, ba shi da damar rama barcin da ya makara. Duk mintin da aka ci masa a farkon dare ya tafi ke nan. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, da ma barcin da ƙyar ake samun sa a ɗakin da rufin kwano ya gasa tun rana.

Ba za a rasa mai cewa shi dai shekara biyu yana kwana cikin bulu kuma minsharinsa har maƙwabta ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Monash ta Ostiraliya a 2019 ya nuna bambancin yadda haske ke taɓa melatonin tsakanin mutum da mutum ya haura ninki hamsin. Sai dai wannan hujjar tasa ce shi kaɗai, ba ta matarsa ko ƙanensa da ke kwana a gefe ba. Haka kuma gaskiya ne fatar ido idan an rufe ta tana tare mafi yawan shuɗi, ja ne ya fi ratsa ta. Wato mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne a sa'o'in da ake zaune ido buɗe kafin barci, da kuma lokacin da aka farka tsakar dare don shayar da jariri ko zagayawa.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke yaɗa cewa shuɗin haske yana makantarwa, galibi don su sayar da tabarau. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta sha faɗin cewa babu hujjar da ta nuna shuɗin hasken allon waya ko kwamfuta yana lalata ido, kuma bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2023 ba ta ga wani amfanin a-zo-a-gani ga tabarau masu tace shuɗi wajen rage gajiyar ido ba. Ƙarar da ake kai igiyar bango ta lokaci ce. Abin dariyar shi ne kamfanonin waya sun daɗe da karɓar wannan magana: Apple ta sa Night Shift a iPhone tun 2016, Android da Windows suka biyo da nasu. Sai a ga matashi ya kunna wa wayarsa yanayin dare, allon ya koma ruwan ɗorawa, shi kuma yana zaune a tsakiyar ɗakin da mita goma sha biyar na shuɗi ke haskawa. An toshe ɓarakar taga an bar ƙofa a wangale.

Fitilar da ba a gani da ita

Ko da an ajiye zancen barci, aikin fitila na farko shi ne a gani, kuma shuɗi zalla bai iya wannan aikin ba. Ƙwayoyin ido masu karɓar shuɗi ba su kai kashi goma cikin ɗari na masu karɓar launi ba, kuma babu su a tsakiyar wurin da ido ke tantance ƙananan abubuwa kamar rubutu. Ƙari a kan haka, madubin ido yana lanƙwasa shuɗi fiye da sauran launuka, sai hoton ya faɗi gaba kaɗan da inda ya kamata. Wannan ne ya sa allon talla mai shuɗin rubutu yake yin biji-biji da dare ko ga mai lafiyar ido. Yaron da aka ce ya yi aikin gida ko ya yi tilawar haddarsa a ƙarƙashin irin wannan haske an haɗa shi da aiki biyu.

Launi kuma yana mutuwa. Abu yana bayyana ja ne don yana dawo da jan haske, to idan babu ja a cikin hasken da aka haska shi da shi, sai ya koma baƙi. Miyar tumatir ta zama kamar kwalta, jan lallen amarya ya koma baƙi, atamfar da aka zaɓa da dare a fito da ita da safe a ga ba ita aka nufa ba. Waɗannan ƙananan asara ne. Babbar ita ce fatar mutum. A wasu garuruwan Turai da Amurka da gangan ake sa shuɗiyar fitila a banɗakunan jama'a don masu allurar ƙwaya su kasa ganin jijiyarsu. Fitilar da aka zaɓa saboda tana ɓoye abin da ke jikin fata ita ce aka rataya a ɗakin da jariri yake.

Shawarar jarirai, wadda ke sa fata da farin ido su yi rawaya a kwanakin farko bayan haihuwa, abu ce da ta yawaita, kuma idan ta yi tsanani ba a lura ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Rawaya kuwa shi ne launin da shuɗin haske ya fi kashewa. Ɗakin amaryar bara shi ne ɗakin mai jegon bana, wadda ke yin kwanaki ba ta fita, labule a sake. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a duba jariri a hasken rana. Wani zai ce ai shuɗiyar fitila ake sa wa jariri mai shawara a asibiti. Haka ne, amma waccan na'ura ce mai ƙarfi da aka auna, ana rufe wa jaririn ido, ana bin jininsa da gwaji. Igiyar kwalliya ba ta kama ƙafarta ba, kuma duk wanda ya zauna a gida yana ganin ta wadatar ya yi wasa da ran ɗansa.

Zancen faɗin ɗaki ma yana buƙatar gyara. Abin da ke sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya buɗe shi ne bango da silin su yi haske bai-ɗaya, kusurwoyi su daina duhu. Igiyar da aka ɓoye tana haska bango tana yin wannan aikin, amma inda aka sa ta ne ya yi aikin, kuma fari zai fi shuɗi yin sa tunda ido ya fi ganin sa. Sannan yawancin ɗakunan haya fentin ruwan madara ne ko ruwan ƙasa, masu sirkin rawaya, su kuma shanye shuɗi suke yi. Bangon sai ya koma toka-toka kamar ya yi datti. Hoton da aka gani a TikTok an ɗauke shi ne a ɗaki mai farin bango tas, kyamarar waya kuma ta ƙara masa armashi. Batun sanyi kuwa, launi na iya yaudarar zuciya na ɗan lokaci, amma ba ya rage zafin ɗaki ko da digiri ɗaya. Adaftar ma ɗumi take ƙarawa.

Da damina akwai ƙarin baƙi. Yawancin ƙwarin dare sun fi bin shuɗi da hasken da ke gaba da shi fiye da rawaya, shi ya sa na'urar kashe ƙwari ta gidan abinci take da wannan launi. Taga mai yagaggiyar raga da shuɗi a ciki gayyata ce ga gara mai fiffike da 'yan'uwanta. Sauro dai ba ya cikin lissafin sosai, shi numfashi da warin jiki yake bi, don haka gidan sauro yana nan daram ko wane launi aka kunna.

Lissafin wuta

Ana ɗauka tunda LED ce, ba ta cin komai. Igiyar da aka fi sani, mai ƙwayoyin 5050 guda 60 a kowace mita, an rubuta mata wat 14.4 a mita idan duk launuka ukun suna ci, shuɗi kaɗai kuma kashi ɗaya cikin uku na wannan. Zagayen ɗaki sha biyu sha biyu ya kusa mita 15, wato nadi uku na mita biyar-biyar. Ko da mai arahar aka saya, mai ƙwaya 30 a mita, shuɗin zai ja har wajen wat 36. Wutar ƙwan LED mai wat 9 guda huɗu ke nan, alhali hasken da ido zai amfana da shi da ƙyar ya kai na guda ɗaya. Idan ta yi sa'a takwas kullum, ta kusa yunit 9 a wata. Mai mita a layin Band A, a farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanar a Afrilun 2024, ya kusa biyan naira 2,000. Mai ƙaramar sola ya fi jin jiki: batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin na ruwa da ba a son a sha fiye da rabinsa, kusan rabin abin da ya halatta a sha zai tafi a kwalliya. Wutar da fanka za ta kwana da ita ce.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne adafta. Nadi ɗaya na mai ƙwaya 60 yana buƙatar amfiya 6 idan an kunna fari gaba ɗaya, amma sau da yawa abin da ke cikin kwali mai amfiya 2 ne ko 3, marar nauyi kamar fanko. Sai a jona mata nadi biyu ko uku a jere, a cusa ta bayan labule ko ƙarƙashin katifa don kada ta ɓata kwalliya, a bar ta har safe. Adaftar da hannu ba ya iya daɗewa a kanta ta riga ta yi magana. Haka ragowar igiyar da aka bari a naɗe tana ci, zafi take tarawa. Akwai kuma mai kauri da ake jonawa kai-tsaye a soket ba tare da adafta ba. Ita wutar gida ce a cikinta tun daga farko har ƙarshe, kuma idan an yanke ta ba a toshe bakin da murfinsa ba, wutar tana nan a buɗe a inda yaro zai iya kai hannu. A ɗaki ɗaya mai yara, mai bolt 12 ko mai jonin USB ita ce ta hankali.

Inda shuɗin ya dace

Duk wannan ba ya nufin a ɓamɓare igiya a jefar, musamman da yake gam ɗinta kan taho da fentin mai gida. Shuɗi yana da gurbi: ɗan guntu a bayan kanta ko ƙarƙashin teburin kwamfuta, lokacin da baƙi suka zo, lokacin ɗaukar bidiyo, da yamma kafin dare ya yi nisa, kuma tare da wata fitilar da ake gani da ita. Mita ɗaya ko biyu ta isa, a juya fuskarta ga bango yadda ido ba zai ga ƙwayoyin ba. A bayan talabijin ma farin haske ne ƙa'ida a wajen masu harkar fim, don shuɗi yana gurɓata yadda ido ke ganin launin hoton.

Ba sai an sa agogo ba, ladan ya riga ya raba lokacin. Wanda ke kwanciya wajen sha ɗaya, kiran isha'i ya faɗo daidai sa'a ukun da masanan suka ambata, ko kusa da haka. Daga nan sai a koma ruwan goro ko ja a rimot ɗin, a rage ƙarfin, in an zo kwanciya a kashe. Mai buƙatar ɗan haske saboda jariri, ja ko ruwan goro marar ƙarfi a kusa da ƙasa ya fi masa. Wannan bai ci ko kwabo ba, maɓallan suna nan a rimot ɗin da aka riga aka saya.

Wanda bai saya ba tukuna ya duba kwali. Mai RGB zalla farinta na jabu ne, haɗin launi uku ne mai sirkin shuɗi da ke sa fuska ta yi kamar ta marar lafiya. Mai RGBW tana da farar ƙwaya ta daban, kuma a nemi wadda farinta yake 2700K ko 3000K. Haka ƙwan tsakiyar ɗaki: mafi yawan na kasuwa 6500K ne, farin nan mai kashe ido, wanda shi ma cike yake da shuɗi. Ya yi daidai da shago da kicin, amma ɗakin kwana yana buƙatar na biyu mai ruwan ɗorawa, ko da ƙaramin fitilar tebur ne. Idan za a zagaye ɗaki, kada a jona fiye da mita biyar a jere daga baki ɗaya, don ƙarfin wutar yana raguwa a hanya. Alamar ita ce ƙarshen igiyar ya koma ja-ja idan an kunna fari, saboda shuɗi da kore sun fi ja buƙatar bolt.

Masu manhaja a waya suna da saitin lokaci, sai dai a lura da abin da manhajar ke nema. Izinin makirufo don fitila ta bi kiɗa yana da dalili, izinin wurin da mutum yake ma tsofaffin Android suna tilasta shi kafin a nemo na'urar Bluetooth, amma fitilar bango ba ta da abin yi da lambobin da ke cikin waya.

Ga masu son taɓa waya da ƙarfen sodar, hanya mafi daɗi ita ce ɗan allon ESP32 da manhajar WLED, wadda kyauta ce kuma a buɗe take ga kowa. Da igiya irin SK6812 mai farar ƙwaya ta daban, ana iya tsara mata shuɗi da yamma, ta koma ruwan ɗorawa da kanta a lokacin da aka sa mata, ta yi ta dusashewa har ta mutu. Tana karɓar lokaci ne daga intanet, don haka bayan an ɗauke wuta sai ta sake samun Wi-Fi kafin agogonta ya dawo daidai. Amma tana da wani saiti da ya fi komai amfani a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, wato zaɓen yanayin da za ta tashi da shi idan wuta ta dawo. Wasu ƙananan na'urorin rimot ɗin kasuwa ba su da wannan. Idan NEPA ta kawo wuta ƙarfe biyun dare, sai su farka da launin da aka bar su, wasu ma da walƙiyar nan ta gwaji mai tsalle daga ja zuwa kore zuwa shuɗi, a kan fuskar mutanen da ke tsakiyar barci. A WLED sai a saita ta ta tashi a kashe, ko da ja mafi rauni. Mai na'urar kasuwa kuma ya zare ta daga soket kafin ya kwanta.